Cefane da girki a ƙasar Kajun: wasiƙa zuwa ga Yaya

Yaya, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan lafiya lau, sai kewar Maraɗi. Kin ce in ba ki labarin yadda muke cefane da abin da muke ci, tunda Inna ta damu ko tuwo ya gagare mu. Ki kwantar mata da hankali, garin nan na masu shinkafa da miya ne.

Sunan garin Lafayet, a kudancin jihar Luwiziyana. Mutanensa ana ce musu Kajun. Kakanninsu Faransawa ne da suka zauna a gabashin Kanada, Turawan Ingila suka kore su daga 1755, suka yi ta gararamba har wasunsu suka yada zango a wannan ƙasa mai fadama. Tsohuwar da muke maƙwabtaka da ita, wadda jikokinta ke kira Momo, da Faransanci muka fara gaisawa. Nata ya bambanta da wanda muka koya a lakwal, amma muna fahimtar juna. Ta ce mini mahaifiyarta ta sha bulala a makaranta don ta yi yaren gidansu, domin dokar jihar ta 1921 ta ce da Ingilishi kaɗai za a yi karatu. Yau jikokinta ba sa ji sai 'yan kalmomi, kuma abin na ci mata rai. Tun ranar na ƙara matsa wa yarana da Hausa a gida.

Kasuwa irin tamu babu. Kanti ne babba mai sanyi, komai a leda da farashinsa a jiki, ba tayi, ba "albarka", ba tiya, sai sikeli. Kuma kuɗin da kika gani a jiki sau da yawa ba shi za ki biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya. Shinkafa kam Allah ya hore musu, a nan ake noma ta wajen garin Kurawli, tsaf ba tsakuwa, ba sai an tsince ba. Rake gonaki ne iya ganinki. Kaza da araha idan aka kwatanta da abin da mutum ke samu, sai dai ba ta kama ƙafar kazar gida a ɗanɗano. Akwai kuɓewa ɗanya, dankali, wake mai baƙin hanci, da tarwaɗa. Gero ne da daddawa da naman akuya ke wahala. Sai mun je Hustan, tafiyar sama da awa 3 a mota, kafin mu samu shagunan 'yan Afirka masu kaya sosai.

Abin da ke cin kuɗi shi ne aikin hannu. Kitso, ɗinki, gyaran mota, duk abin da mutum zai taɓa miki da hannunsa sai kin ji a jikinki. Ba mai markaɗe, ba yaron aike, ba ɗan kabu-kabu a bakin titi. Wanda ba shi da mota kamar ɗaurarre yake. Likita ma ba a faɗa masa kai tsaye, sai an ba ki rana, kuma inshora ake fara tambaya. Ruwa da wuta ba sa yankewa, sai lokacin guguwar teku, daga Yuni zuwa Nuwamba. Wadda aka yi a 2020 mai suna Laura ta ragargaza garin Lek Cals da ke yamma da mu, mutane suka yi makonni ba wuta, shi ya sa gidaje da yawa ke ajiye janareto kamar a gida.

Yanzu ga tukunyarsu. Babbar miyarsu sunanta gombo, sunan nan dai da muka sani na kuɓewa a Faransanci, kuma asalinsa daga Afirka ya zo tare da bayi. Na zauna a kicin ɗin Momo na ga yadda take yi. Fulawa take zubawa cikin mai a baƙar tukunyar ƙarfe da ta gada wurin uwarta, ta yi ta juyawa da cokalin katako kusan minti 45, ba ta ɗaga kai ko wayarta na ƙara, har ya yi duhu kamar ƙuli-ƙulin da ya ji wuta. Ta ce in ya kama ko kaɗan, zubarwa ake yi a sake. Sannan albasa da koren tattasai da seleri, sai ruwa da nama. Bayan an sauke, ta barbaɗa wani koren gari da suke kira file, busasshen ganyen itace ne da suka koya wurin 'yan asalin ƙasar. Yaya, da na murza shi a yatsa sai da kuka ta faɗo mini a rai. Suna da dafa-duka mai suna jambalaya, ga son yaji. Barkonon kwalba na Tabasco a nan kusa ake yin sa tun 1868.

Matsalar ɗaya ce, kuma babba: alade. Yana cikin wake, yana cikin miya, yana cikin ganye. A gidajen mai ma ana sayar da wani abu budan, shinkafa da namansa cushe a hanji. Farkon zuwanmu na sayi wake a wani gidan abinci ban tambaya ba, sai da na kai gida na ga gutsuttsurinsa a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu ko miyar ganye ce sai na ce, da me aka dafa?

Da na yi wa Momo bayani ba ta ji haushi ba. Ta sayo sabuwar tukunya, ta ce in kawo kazata ta yankan Musulmi, ta yi mana gombo namu daban. Haka take yi har yau duk Lahadin da 'ya'yanta da jikokinta suka taru, kuma kusan kowace Lahadi suna taruwa. Da bazara kuma buhun karafish suke saya da ransa, wani ɗan halittar ruwa mai kama da jatan lande wanda ake kiwo a gonakin shinkafa, a tafasa da masara da dankalin Turawa da yaji, a juye kan tebur a tsakar gida, kowa ya sa hannu. A da har watanda suke yi irin tamu, gidaje su haɗu a yanka dabba a raba. Suna da gyara ma, sunanta lanyap. Mai sayar da kuɓewa a kasuwar manoma ta ranar Asabar ya ƙara mini danƙi guda ya faɗi kalmar, na tsaya ina kallonsa, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

In mai tahowa ya samu, ki aiko mini da kuka, daddawa da yajin Inna. Kada ki sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Kukar ki ƙara yawanta, na yi wa Momo alkawarin tuwon shinkafa da miyar kuka, kuma kullum sai ta tambaye ni ko saƙon ya iso. A gaida Inna da Baba da kyau, a ce su ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.