Bilstein 5125 a Motar da Aka Ɗaga: Yana da Kyau, Amma Sai an Auna

In aka ɗaga Hilux ko Land Cruiser da inci 2 aka bar tsohon shokazoba, taya na faɗawa rami zai miƙe iya tsawonsa, ka ji ƙwal, bushin ya tsage.

Shokazoba Bilstein 5125 na kamfanin Jamus ya magance wannan. Bututu ɗaya ne mai gas, fistin ɗinsa milimita 46, shi ya sa ba ya saurin laushi a hanyar burji mai gargada. Da tsawo ake sayensa, ba da sunan mota ba, kuma nan bakanike ke yin kuskure. Ɗaga motar da jak har taya ta yi lilo, a auna tsakanin maɗaurai biyu. A sake aunawa aksil na danne da robar tsayawa, wato robar da ke tare aksil kada ya bugi jikin mota. Awon farko na tsawon shokazoba a miƙe ne, na biyu na tsawonsa a tsuke. Dogon shokazoba ko a tsuke dogo ne, don haka in ba a ƙara kaurin robar ba, shi zai sha duka, sandarsa ta lanƙwashe, mai ya zubo. A duba tiyon birki da wayar ABS (na'urar hana taya cijewa in an taka birki), kada su ɗame.

Akwai tsada, kuma mota ba kaya tana ɗan tauri. Duk da haka ya ci kuɗinsa.