Bryce Young ko C.J. Stroud: me masu hasashen zaɓen NFL suke aunawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masu rubuta hasashen zaɓen 'yan wasan jami'a na ƙwallon Amurka suke saɓawa haka, wannan ya sa yaro a na ɗaya, wancan ya tura shi na biyar, kuma da wane ma'auni suke aunawa. Bari in amsa maka da mutum biyu da aka yi ta ja-in-ja a kansu a 2023, Bryce Young na jami'ar Alabama da C.J. Stroud na Ohio State. Dukansu kwatabak ne, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa, wanda duk harin ƙungiya yake rataye a wuyansa.

Ka san tsarin: NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, tana da ƙungiyoyi 32, suna zaɓen 'yan wasan jami'a a zagaye bakwai, wadda ta fi kowa faɗuwa a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Shi kuwa mai hasashe abu biyu yake haɗawa a takarda ɗaya, wa ya fi iya wasa, da kuma wa yake jin ƙungiya kaza za ta ɗauka. Rabin saɓanin da kake gani daga nan yake fitowa, don wani yana faɗin ra'ayinsa ne, wani kuma yana faɗin abin da ya jiyo a bakin ma'aikatan ƙungiya.

A kan alƙaluma kusan kunnen doki suka yi. A 2021 Young ya jefa ƙwallo jimillar yadi 4,872 da tacdawun 47 (wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya a ci maki), ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a. A shekarar Stroud ya yi yadi 4,435 da tacdawun 44, kuma sau biyu a jere yana kai wa zagayen ƙarshe na kyautar ba tare da ya ci ba. Mai bin lissafi kawai ba zai raba wannan gardama ba.

Jiki ne ya fara raba su. A gwajin Combine da ake yi a Indianapolis, inda ake auna tsawo da nauyi da gudu, likitoci su duba kowace gaɓa, Young ya tashi ƙafa 5 da inci 10, nauyi kusan kilo 93. Stroud ƙafa 6 da inci 3, kilo 97. A wasan da ƙattin da suka haura kilo 130 suke rufto maka, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Gajere yana wahalar hango tsakiyar fili ta saman masu tare masa, kuma ana tsoron ko jikinsa zai jure duka na wasa 17 a kowace kaka. Masu son Young suka ce ai ga kwatabak irin su Drew Brees da Russell Wilson, ba dogaye ba ne kuma sun ci kofi. Gaskiya ne, amma Wilson ya fi shi kauri, Brees ya fi shi tsawo.

Inda abin ya fi daɗin tattaunawa shi ne faifan wasa, kuma tambayar da ƙwararru suke yi a nan guda ce: cikin abin da yaron nan ya yi, nawa ne nasa, nawa ne na waɗanda ke kewaye da shi? A nan aka rage wa Stroud maki. Masu cafke masa ƙwallo a Ohio State su ne Garrett Wilson, Chris Olave, Jaxon Smith-Njigba da Marvin Harrison Jr., kuma kowannensu a zagayen farko aka ɗauke shi daga baya. Aka ce kowa ma zai yi kyau da irin waɗannan, ga katanga mai ƙarfi ta masu tare masa a gabansa, yana tsaye yana zaɓen wanda zai jefa wa. In an matsa masa fa? An kuma riƙe masa cewa jami'ar Michigan ta doke shi sau biyu. Young kuwa a 2022 ba shi da irin wannan gata, sau da yawa wasa yakan lalace ya zille ya ƙirƙiro wani abu da kansa. Wasansu da jami'ar Auburn na 2021, inda ya ja ƙungiyarsa yadi 97 a ƙurarren lokaci aka yi kunnen doki, sannan suka ci a ƙarin lokaci, shi ne hujjar da masoyansa ba sa gajiya da kawowa.

Amma Stroud ya ba da amsa a wasansa na ƙarshe, ranar 31 ga Disamba 2022 da jami'ar Georgia, wadda ta fi kowa tsaro. An yi ta kora shi, ya yi ta gudu yana jifa, yadi 348 da tacdawun huɗu, aka doke su da 42 da 41. A ganina wannan wasa ɗaya ya isa ya rushe zargin, sai dai mutane da yawa sun riga sun rubuta hukuncinsu, suka ce wasa ɗaya ne.

Sai kuma gwajin S2 na saurin fahimta da yanke shawara, wanda aka tsegunta sakamakonsa dab da zaɓe, aka ce Young ya yi fice, Stroud ya yi ƙasa sosai. Ni dai duk labarin da ya ɓullo a makonnin ƙarshe kafin zaɓe nakan tambayi wa zai amfana da shi, don ƙungiyar da ke son yaro ya faɗo mata ba za ta ƙi a ɓata shi ba.

Ranar 27 ga Afrilu 2023 a Kansas City, Carolina Panthers ta ɗauki Young na ɗaya, Houston Texans ta ɗauki Stroud na biyu. Kakar farko ta zo kamar an tsara ta don kunyata masu hasashe. Stroud ya yi yadi 4,108, tacdawun 23, sau biyar kacal abokan hamayya suka tsinke masa ƙwallo, Houston ta ci wasa 10, ta lallasa Cleveland da 45 da 14 a wasan fitar da gwani, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasan hari na shekara. Young ya yi tacdawun 11, aka tsinke masa 10, aka kayar da shi sau 62 kafin ya jefa. Carolina ta ci wasa biyu cikin 17, aka kori kocinsa Frank Reich bayan wasa 11.

To amma dubi abin da aka manta. Tambayar nan ta "nawa ne nasa, nawa ne na maƙwabta" an yi ta a kan jami'a, ba a yi ta a kan ƙungiyar da za su shiga ba. Stroud ya tarar da Laremy Tunsil yana tsare masa hagu, ga Nico Collins da Tank Dell suna cafkewa. Young ya tarar an ba da D.J. Moore a musaya, mafi iya cafkewa a ƙungiyar, domin a samu damar ɗaukarsa shi kansa. Shi ya sa ban yarda kaka ɗaya ta kashe maganar ba, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A 2024 an ajiye Young a benci bayan wasa biyu, ya dawo ya gyaru sosai, shi kuma Stroud da katangarsa ta tsage aka kayar da shi sau 52, aka tsinke masa 12.

In ka ce in zaɓa a ranar, Stroud zan ɗauka, saboda jiki da daidaiton jifa da wasan Georgia. Ba don Young ba ya iyawa ba, sai don farashinsa ya yi tsada. Carolina ta taso daga matsayi na tara zuwa na ɗaya ne bayan ta ba Chicago Bears Moore da zaɓuka huɗu, ciki har da na zagayen farko na 2024. Da Carolina ta ƙare a ƙasan kowa, wannan zaɓe ya zama na ɗaya, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi.