Shagon Baba na Kasuwar Kurmi da kundin motocin Matchbox

Tsohuwar kalanda na je nema, wani abokina ya kwatanta mini shagon a cikin Kasuwar Kurmi. Ɗan ƙuƙut ne, littattafai da mujallu jibge har rufi, ga dattijo a kan buzu yana jan carbi. Kalandar ban same ta ba. Abin da na zaƙulo a ƙasan wani kwali shi ne kundin tallan motocin wasa na Matchbox na 1970, irin wanda kamfani ke aika wa masu kanti.

Mu 'yan Fagge motar kara da ta langa-langa muka sani. Ta ƙarfe kuwa sai dai leƙe ta gilashi a manyan kantunan Kingsway ko Leventis, ranar da mahaifinka ya ga dama ya tafi da kai. To ga su nan a takarda, jere reras, babu mai cewa kada ka taɓa.

Kundin masu kanti daban yake da ƙaramin nan da ake ba yara. Na yara don a tayar musu da kwaɗayi ne. Na mai kanti kuwa lissafi ne: lambar kowace mota, guda nawa ke cikin kwali, da irin kantar da zai jera su. Ba a buga shi da yawa, kuma da shekara ta juya sai a watsar, shi ya sa masu tara kayan nan suke rububinsa.

Shekarar ma ta yi mini daidai. Kamfanin Lesney na Landan ya fara Matchbox a 1953, har jerin motocinsa ya kai lamba 1 zuwa 75. A 1968 sai Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels masu taya mai santsi, suka ƙwace kasuwa. Dole Lesney ya sauya taya a 1969, ya kira sababbin Superfast. Saboda haka mota ɗaya za ka gan ta da tsohuwar taya, ka kuma gan ta da sabuwa, kuɗinsu a wajen masana ba ɗaya ba. Ina da wata 'yar akori-kura da na gāda daga yayana, fenti duk ya goge, an rubuta Lesney da Ingila a cikinta. Sai da na ɗora ta kusa da hotonta na san ainihin launinta. Wadda ka ga an rubuta mata Macau a maimakon Ingila, bayan durƙushewar Lesney a 1982 aka ƙera ta, kada wani ya cika ka da zaƙin baki.

Inda shagon ya gaza shi ne ajiya. Akwai kundin Corgi, wasu masu ƙera motocin wasa da a da suke da masana'anta a Swansea ta Birtaniya, amma gara ta cinye rabinsa, damina ta manne sauran. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a ware komai ba, da hannunka za ka tona, kuma mai asma ya rufe hanci kafin ya shiga.

Ciniki kuwa Baba ba ya duba takarda, fuskarka yake dubawa. Na yi kuskure na bari ya ga murnata.

"Baba, nawa za a bar mini?"

"Alhaji, kai da ka daɗe kana shafa shi, ai ka fi ni sanin kuɗinsa. Taya."

Na taya, ya ce albarka. Sau uku muna haka kafin ya sallama, kuma kuɗi hannu, ba ya karɓar tiransifa. Na biya fiye da yadda na so, ƙasa da yadda zan iya.

Ina fita ya ce akwai wani kwalin a gida, in dawo Asabar bayan la'asar. Na riga na sayi leda mai kauri da maganin gara zan kai masa.