Notepad++ ya cece ni ranar da wuta ta yanke min aiki

Kwamfutata 'yar gwanjo ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Ina da ɗan shago a Jekadafari a nan Gombe, ina yi wa mutane tayifin da Hausa, wani lokaci kuma in haɗa wa 'yan kasuwa ƙaramin shafin intanet da HTML, wato yaren da ake tsara shafukan intanet da shi. Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya matsa min in saka Notepad++, wata manhajar rubutu a kwamfuta, ni kuwa ina ganin kamar tsohon yayi ce.

Wata rana da azahar ina tsakiyar rubuta bayanin kayan wani dillalin hatsi, masara da wake da gero da farashinsu, na yi nisa sosai, fayil ɗin ko suna bai samu ba tukuna. Kawai aka ɗauke wuta, allon ya yi baƙi ƙirin. Wallahi sai da gumi ya keto min, don mutumin da yamma zai zo. Na tayar da janareta, na kunna, na buɗe manhajar ina salati. Komai na nan! Har layin ƙarshe da na tsaya a kansa. Ashe duk bayan daƙiƙa 7 take ajiye kwafin abin da kake rubutawa, ko ba ka ce mata ta adana ba. Tun ranar na daina zaman ɗar-ɗar.

Haruffanmu masu ƙugiya ma, ɓ da ɗ da ƙ, suna zama daidai idan fayil yana kan UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ke ɗaukar na harsuna daban-daban. Da wata manhajar rubutu da na taɓa amfani da ita sai su koma alamar tambaya bayan an adana, mai aiki ya dawo yana faɗa. Kuma Notepad++ kyauta ce, ba ta kai megabait 10 ba, data kaɗan ta ishe ka sauke ta. Wani mai suna Don Ho ne ya fitar da ita tun 2003, har yau ana sabunta ta.

Amma fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Dogon rubutu irin na labari ko takardar koke ba ya daɗi a cikinta, ba ta ƙawata rubutu, ba ta tsara shafi don bugawa, dole in kwashe in kai Word. Sannan a Windows kaɗai take. Ƙanen nawa da ya koma Linux, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, tuni ya rungumi wata manhajar mai suna VS Code, yana ta yaba yadda take taya shi rubuta Python, yaren haɗa manhajoji. Na yarda ta fi ƙarfi, sai dai tana son injin da ke da wadataccen RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, tawa kuwa giga 4 ce.

Mai tsohuwar kwamfuta da ke fama da wuta irina, ya saka ta yau. Mai rubutun littafi kuma ya nemi wata.