Gargaɗi: A Kula da Masu Sayar da "Likita a Waya" Ga Iyayen Yara Masu Ƙin Cin Abinci

Jama'a, musamman iyaye mata, a yi hattara da masu tallan manhajar waya da ke cewa za su warkar da ciwon ƙin cin abinci, wanda likitoci ke kira anoreksiya, cikin 'yan makonni ba tare da an je asibiti ba.

Salonsu ba ɓoyayye ba ne. Ga hoton yarinya a rame, ga wani ta yi ɓulɓul. Kina taɓa tallan sai ki tsinci kanki a WhatsApp, a turo miki manhajar da babu ita a Play Store, a ce ki tura kuɗin rajista asusun wani mutum. "Likitan" ba ya faɗin cikakken sunansa, balle lambarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Can kuma a ce sai an haɗa da maganin buɗe ciki, irin su Apetamin, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi a kansa a 2023.

To ai ciwon ba na ciki ba ne. Yarinyar tsoron ƙiba take ji, tana ganin kanta ƙatuwa alhali ƙashi ne da fata. Yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Kuma jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadarin fosfet na jini kan faɗi ƙasa, zuciya ta rikice. Shi ya sa a asibiti ake auna nauyi da bugun zuciya, a ɗebi jini, a riƙa ƙara abinci sannu a hankali. Wace waya ce za ta ɗebi jini?

Ko manya ma sun yi tuntuɓe. A 2023 NEDA, ƙungiyar tallafa wa masu matsalar cin abinci ta Amurka, ta dakatar da Tessa, manhajarta mai hira da mutane, bayan ta riƙa ba masu wannan ciwo shawarar rage ƙiba. Ina ga wanda ba ki san fuskarsa ba?

Manhaja ta gaskiya tana da amfani wajen rubuta abin da aka ci ko ganawa da likita ta bidiyo, amma tare da likitan da ya san marar lafiyar. Idan yarinya ta fara suma, ko al'adarta ta ɗauke, a nufi asibiti: sashen masu taɓin hankali na Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato. Wadda ta riga ta tura kuɗi ta adana rasit, ta sanar da bankinta yau.