Karatun Kariyar Gobara: Jami'a, Foliteknik ko Makarantar 'Yan Kwana-Kwana?

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Kaduna, maganar gobara ke dawowa: rumfuna a Kasuwar Shehu Gumi, katako a Panteka, wayar lantarki da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta. A nan ne matasa ke fara tambayar inda ake karanta wannan fanni. Kafin ka sayi fom, ka san cewa sana'o'i uku ne a ciki. Akwai mai kashe wuta bayan ta tashi, akwai injiniyan da ke tsara gini don kada wutar ta yi nisa, akwai kuma jami'in kula da lafiyar ma'aikata a masana'anta. Wanda ya haɗa su waje ɗaya yakan biya kuɗin karatun da ba zai kai shi inda yake so ba.

Mu fara da injiniyan, don shi mutane suka fi jahilta. Ɗauki kan feshin ruwan kashe gobara da ake gani a silin ɗin otal ko banki. A tsakiyarsa akwai ɗan siririn gilashi mai jan ruwa, wanda ke fashewa idan zafi ya kai digiri 68 a ma'aunin Celsius. Mai ruwan ɗorawa sai 79, kore kuma 93, shi ya sa ake sa kore a ɗakin girki ko wurin da dama akwai zafi. Kan da wuta ke ƙarƙashinsa ne kaɗai ke buɗewa, ba duka ba. Wanda aka fi amfani da shi, mai lamba K80, yana fitar da lita 80 a minti ɗaya idan ƙarfin ruwa ya kai "bar" ɗaya a ma'aunin matsin ruwa. Aikin injiniya shi ne lissafa kai nawa za su iya buɗewa lokaci guda, kaurin bututu, girman famfo da yawan ruwan tanki. Abin da ke lalata aikin a wurinmu sananne ne: an rufe bawul lokacin gyara an manta, tanki ya ƙafe saboda ana ɗiban ruwansa don wanka, mai fenti ya shafe kan feshin, ko famfon na lantarki ne kawai babu na dizal, alhali abu na farko da ake yi idan wuta ta tashi shi ne yanke lantarki.

Digirin da ke ɗauke da sunan wannan fanni kai tsaye ya fi ƙarfi a ƙasashen waje. Jami'ar Maryland a Amurka na ba da digirin farko, jami'ar WPI a jihar Massachusetts ta yi suna a digiri na biyu, Jami'ar Edinbara kuma ta daɗe a fannin tun shekarun 1970. Akwai shirin digiri na biyu mai suna IMFSE na shekara biyu, wanda jami'o'in Ghent, Lund da Edinbara suka kafa tare. Karatu ne mai kyau, amma da kuɗin waje ake biya, kuma masu ba da digiri na biyu ba sa ɗaukar wanda ba shi da tushen injiniya ko kimiyya.

Saboda haka shawararmu ga yawancin yaran Kaduna ita ce su fara a gida. Injiniyan kanikanci a ABU Zariya, shekara biyar, shi ya fi dacewa, domin a nan ake koyon gudun ruwa a bututu da yadda zafi ke yaɗuwa. Injiniyan lantarki ya fi kusa da ƙararrawa da na'urar jin hayaƙi, na sinadarai kuma da matatar mai da ma'ajiyar gas. A JAMB za ka rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Wata shidan SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, kada ka ɓata su a ofishin da za a riƙa aikenka sayen abinci. Nemi kamfanin da ke ɗaura bututun gobara, ka ga yadda ake gwada layi da matsin ruwa kafin a rufe silin. Bayan kammalawa, rajistar COREN, hukumar da ke tsara aikin injiniya a Najeriya, ce ke ba sa hannunka daraja a kan zane.

Foliteknik hanya ce mai sauƙin kuɗi, kuma hannu ya fi saurin sabawa da aiki. A Kadpoly ana yin difloma shekara biyu, horon aiki shekara ɗaya, sannan babbar difloma shekara biyu. Mai son harkar man fetur zai iya duba PTI, cibiyar horar da ma'aikatan mai da ke Effurun a jihar Delta, inda ake koyar da kariyar masana'antu. Ko ina ne, tabbatar hukumar NBTE mai kula da foliteknik ta amince da kwas ɗin, ba makarantar kaɗai ba. Hedikwatar hukumar a nan Kaduna take, ba ka da uzurin ƙin tambaya.

Wanda zuciyarsa ke kan motar kwana-kwana, hanyarsa daban. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ana ɗaukar ma'aikatanta ta hannun CDCFIB, hukumar da ke ɗaukar jami'an sibil difens, gidan yari, kashe gobara da shige da fice, tana da kwalejin horo a Sheda kusa da Abuja. Sai an ɗauke ka aiki tukuna a horar da kai, kuma takardar da ka shiga da ita ce ke yanke matsayin da za ka fara. Neman aikin kyauta ne. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne. Akwai kuma hukumar jiha, da sashen kashe gobara na filayen jirgin sama a ƙarƙashin hukumarsu, FAAN. Aiki ne na dare da rana, da tukunyar iska a baya cikin hayaƙi; mai asma ko ciwon zuciya ya yi shawara da likita tun kafin ya sa rai.

Sai takardun shaidar gajerun kwasa-kwasan kariyar ma'aikata, irin na hukumar NEBOSH ta Birtaniya, waɗanda kamfanonin mai da na gine-gine ke yawan nema. Suna da amfani a kan digiri ko difloma, amma su kaɗai ba sa mayar da mutum injiniya. Duba sunan cibiyar a shafin NEBOSH kafin ka biya, sannan ka nemi rajistar ISPON, cibiyar ƙwararrun kariya a wurin aiki, wadda dokar 2014 ta ɗora wa tsara wannan sana'a a Najeriya. Idan cibiya ta ce tana koyar da kashe wuta a aikace, tambayi ko za a kunna wuta a tire a ba ka tukunyar hoda, ta kumfa da ta iskar kabon ka gwada da hannunka, a kuma nuna maka abin da ke faruwa idan aka watsa ruwa a kan man gyaɗa mai ci da wuta. In majigi kawai za a haska maka kwana biyu a ɗakin otal, riƙe kuɗinka.