Masai na Rami da Bandaki Mai Ruwa a Unguwanni Masu Cunkoso

Masai na rami ba ya buƙatar ruwa kuma ya fi araha, shi ya sa ya dace da gidan da famfo ba ya kawo ruwa kullum. Matsalarsa tana ƙarƙashin ƙasa, domin inda gidaje suka matse da wuya a sami tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya, kuma da damina ƙazanta takan tsiyaya cikin ruwan sha ta haddasa kwalara. Bandaki mai ruwa ya fi tsafta, amma kowane kori yakan ci lita 6 ko fiye, sannan sai an kira mota ta kwashe sokawe idan ya cika. A ganina, inda ruwa ke ƙaranci, masai mai bututun iska da aka rufe bakin bututun da raga saboda ƙuda ya fi amfani.